Sai Ya Sa Hannu da Kansa

Nas ake ce mata a unguwa, ko da yake ta daɗe da ajiye aikin asibiti. Har yanzu in yaro ya faɗi ya fasa goshi, ƙofarta ake fara bugawa kafin a tuna da wani likita. 'Ya'ya biyu Allah ya bar mata. Babbar tana koyarwa a makarantar sakandare, kowa Malama yake ce mata, har uwar da ta haife ta. Sai Auta, wanda ya tafi karatu ƙasar waje, ya gama, ya ce ya samu aiki a wani kamfanin gyaran injinan sanyi, ya yi zamansa can.

Wata rana da hantsi tana shanya a baranda wayarta ta yi ƙara. Auta ne. Suka gaisa, ya tambayi gwiwarta, ta tambayi sanyin garinsu. Sai ya yi wani shiru da ta sani tun yana ƙarami, irin wanda yake yi in yana neman ta inda zai ɓullo wa magana.

"Mama, akwatin Baba yana nan kuwa?"

"Ina zai je? Ƙafa ya yi?"

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta wuce maƙogwaro ba. "So nake ki aiko min da shi."

Marigayi mijinta a teburin karɓar baƙi na wani otal ya ƙare rayuwarsa ta aiki. Baƙi in za su tafi sukan bar masa ragowar canjin ƙasashensu, shi kuwa ya riƙa zubawa a gwangwani. Wasa-wasa abin ya shiga ransa, ya fara sayen tsofaffin sulalla, yawanci na azurfa, da 'yan kaɗan na zinariya, wasu sun girme kakansa. Ya sa kafinta ya yi masa akwati mai faranti-faranti, an shimfiɗa jan ƙyalle a ciki, kowane sule da gurbinsa. Ranar hutu sai ya baje su a tebur, ya ɗauki gilashin ƙara girma, ya manta da duniya. Nas takan ce ita kam ta auri mai kuɗin da ba sa sayen ko ashana. Shi kuma ya ce, "Ki bar su, na yara ne." Tun rasuwarsa akwatin yana saman kabad, an lulluɓe shi da tsohon zanin gado.

"Akwai wani mutum a nan da ya san darajarsu," in ji Auta. "A gida ba wanda zai ba su haƙƙinsu. Wata harka nake son shiga, Mama. Dama ce ta zo, in ta wuce ta wuce."

Tun da ya tafi bai taɓa roƙonta komai ba, ko na sayen katin waya. Wannan ne ya sa ba ta ja maganar ba. Ta ce to, Allah ya sa albarka.

Da yamma Malama ta biyo daga makaranta, da allin da bai gama fita daga yatsunta ba. Ta ji labari, ta ajiye jaka a hankali.

"Harka? Wace irin harka?"

"Bai ce ba."

"Ke kuma ba ki tambaya ba. Da ni ce, da sai na kawo shaidu." Ta zauna ta cire takalmi. "Ni ban ce kar a ba shi ba. Rabona ma na bar masa in zai amfane shi. Amma ba za a jefa gumin Baba cikin kwali kamar tsofaffin takalma ba. A yi musu inshora. In sun ɓata a hanya, a san wanda za a riƙe."

Washegari Nas ta sa akwatin cikin jakar cefane, ta ɗora tawul a kai, ta nufi gidan waya. Duk wanda ya kalle ta a mota sai ta ga kamar jakar yake kallo. Ta bi layi har ta kai gaban wani ma'aikaci mai tabarau a bayan gilashi.

"Mene ne a ciki, Mama?"

Ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Tsofaffin sulalla."

"Sulalla?" Ya faɗa da muryar mai tallan kasuwa. "Na zinariya ko na me?"

Duk layin ya juyo. Nas ta ji kamar ta nutse. Mai tabarau bai ma lura ba, ya shiga yi mata bayani. Za su iya yi wa ƙunshin rajista, a ba ta lamba ta riƙa bin sawunsa. Amma in ya ɓata, diyyar da za a biya ba ta wuce ta riga ko littafi ba. Kuɗin ƙarfe da zinariya kuwa ba sa ma cikin abin da suke lamuncewa.

Wani mai hular kwano a hannu, wanda ke bayanta, ya sunkuyo. "Mama, ki rubuta maɓallan riga kawai. Kowa haka yake yi."

"Ni ban ji ba," in ji mai tabarau, yana gyara tabaransa. "Amma in ya ɓata, kuɗin maɓalli za a ba ki. In kuma kwastan ɗin can suka buɗe suka ga ba maɓalli ba ne, su riƙe, ba mai ce musu don me."

Ta fito ta samu inuwa a jikin ginin, ta kira Auta. Ta zaci zai yi dariyar zancen maɓalli. Sai ta ji muryarsa ta washe.

"Wallahi mutumin nan ya kawo shawara. Ki rubuta haka, Mama. Ba ruwanmu da wata inshora, ɓata kuɗi ne kawai."

"Ka ji ka. Ni da hannuna in rubuta ƙarya, in sa hannu a ƙasa? Da girmana?"

"Ba wanda zai duba."

"In ba a duba ba, ya zama gaskiya ke nan? Kuma yayarka ta ce sai da inshora."

"Yaya ai komai sai ta mai da shi jarrabawa."

Malama ce ta gano wani kamfanin aika kaya a tsakiyar gari, wanda aka ce yana ɗaukar kaya masu daraja. Ranar da ba makaranta suka tafi tare. Ofis ne mai sanyi har cikin ƙashi, ga sikeli a kan kanta, ga kwalaye an jera su har rufi. Wata matashiya mai fara'a ta ja su gefe, ta ba Nas kujera, ta yi magana a hankali yadda ba mai ji. Nan take Nas ta ji yarinyar ta kwanta mata.

"Aike na yau da kullum ba ya ɗaukar sulalla, Mama," in ji ta. "Ko an ɗauka, inshorarsa ba ta rufe su. Akwai mutanen da sukan aika da mu, su sayi inshora daban a wani kamfani, amma wannan ya fi dacewa da 'yan kasuwa masu aike kullum. Ke abin da ya dace da ke shi ne aiken kaya masu daraja. Yana da tsada, ba zan ɓoye miki ba, amma daga hannunki zuwa hannunsa muna lamunce da shi."

Sai dai akwai sharuɗɗa. Dole wani masani ya duba sulallan ya rubuta darajarsu. A ɗauki hoton kowane, gaba da baya. A ɗaure kayan a gaban ma'aikatansu, kwali cikin kwali, ba a rubuta komai a waje da zai ja ido. Kwastan ɗin can za a gaya musu gaskiyar abin da ke ciki, in da haraji a biya.

"Duk mun yarda," in ji Malama.

"Sai na ƙarshe. Ba a ajiyewa a bakin ƙofa, ba a ba maƙwabci. Wanda aka aika wa shi zai karɓa da hannunsa, ya nuna katin shaida mai hotonsa, ya sa hannu da kansa. Ku ba ni cikakken sunansa yadda yake a katin, da adireshin gidansa."

Sai Nas ta ga ba ta san adireshin ba. Sunan garin ta sani. Ta san akwai jirgin ƙasa kusa da gidan, don takan ji ƙararsa a waya. Ta dubi Malama, Malama ta dube ta. Ba su taɓa aika masa komai ba, shi ma bai taɓa cewa a aiko ba.

Malama ta kira shi, ta saki muryar wayar.

"Auta, ba mu adireshinka."

"Adireshi? Af. Ai ina kan tashi daga gidan ne, Yaya. Bari in ba ku na wani abokina, ku sa sunansa."

"Sunan wa? Mu ɗauki kayan Baba mu damƙa wa wanda ba mu taɓa gani ba?"

"Mutumin kirki ne."

"To mu sa sunanka, da adireshinsa."

"Ba na zama a gida, ina wurin aiki kullum."

"To adireshin wurin aikin."

"Ba sa son a kawo wa ma'aikata kaya."

Matashiyar ta sa baki cikin ladabi. Ta ce wannan ba matsala ba ce, suna da ofis a garin. Za a iya ajiye ƙunshin a can, ya je lokacin da ya samu sarari, ya nuna katinsa, ya karɓa. Akwai wa'adi, in ya wuce ba a karɓa ba, sai a dawo da kaya.

Malama ta duba ko wayar ta katse.

"Kana ji, Auta?" in ji Nas.

"Ina ji, Mama. To. A yi hakan."

Wanda ya duba sulallan wani tsoho ne mai gyaran agogo, abokin marigayi, wanda tare suke wannan sha'awar. Shagonsa bai fi ɗakin ajiya girma ba, agoguna na ta bugawa kowane da nasa lokacin. Da ya ɗaga murfin akwatin sai ya cire hula ya ajiye a kan gwiwa.

"Allah ya ji ƙan mutumin nan. Kin ga wannan? Ni na fara ganinsa, ya zagaya ta baya ya saye. Mun yi wata ba ma gaisawa."

Ya auna, ya leƙa da gilashi, ya rubuta. Ya ce babu kayan tarihin ƙasa a ciki, ba wanda zai hana su fita. Yana ninke takardar ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Wa ya ce a can za a fi ba su daraja? Mai sayen gaskiya hoto yake fara nema, da nauyi. Mutumin Auta ya nemi hoto?"

"Bai ce ba."

"Hm," in ji Mai Agogo, ya mayar da hularsa.

Aka ɗaure kayan a gabanta. Kowane sule aka sa shi cikin 'yar leda, aka naɗe, aka cusa soso ta ko'ina har girgiza ba ta ba da ƙara. Akwatin katakon bai shiga ba, aka miƙo mata shi fanko. Ta sa hannu inda aka nuna mata, ta karɓi rasit. Ta koma gida da akwati marar nauyi a cinya.

Daga ranar Malama ta zama mai ba da labarin ƙunshi. Kullum ta taso makaranta sai ta biyo ta nuna wa uwar a waya. Ya bar gari. Ya sauka a wata ƙasa. Ya sake tashi. Yana hannun kwastan. Nas ta ce kwalin nan ya fi ta yawon duniya. Da kwastan suka nemi haraji, Malama ta biya daga nan ba ta ko gaya wa ƙanen ba. Rannan sai ta shigo da murna, ta ce ya isa, yana ofis yana jiran mai shi.

Auta ya ce madalla, gobe zai je.

Goben ya ce aiki ya yi yawa. Jibi ya ce mura ta kama shi. Da aka kwana biyu ya ce ya je ya tarar sun tashi. Malama ta duba, ta ce ofishin ba ya tashi sai dare, ƙarya yake. Nas ta ce ta daina ce wa ƙanenta maƙaryaci. Malama ta ce to me ake ce wa mai yin ƙarya? Suka rabu ranar ba sallama mai daɗi.

Sai kamfanin ya aiko da saƙo cewa wa'adi ya kusa. Nas ta kira Auta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Ta bar masa saƙon murya, na farko da faɗa, na biyu da lallashi. Abinci ya daina shiga. Takan ɗora tukunya ta manta, sai ƙauri ya tuna mata. Tunani iri-iri suka yi ta zuwa: ko caca ya faɗa, ko wata mace ce ta juya masa kai, ko yana kwance a wani asibiti ba mai ba shi ruwa.

Ana gobe wa'adi zai cika, da rana tsaka, ya kira. Wannan karon kiran bidiyo ne. A da in zai yi irin wannan kiran, a titi yake tsayawa, ko jikin wani farin bango, fuskarsa kaɗai ake gani. Yau a zaune yake a bakin gado. Akwai wani gadon a samansa, da wani a gefe, an rataye kaya a igiya daga bango zuwa bango. Yana cikin rigar sanyi a cikin ɗaki. Kumatunsa sun faɗa. Da ya ɗaga hannu zai shafa fuska, ta ga yatsun sun kumbura, an ɗaure ɗaya da tsumma.

"Me ya samu hannunka?"

"Mama, ba zan iya karɓowa ba."

"Hannunka na tambaye ka."

"Wuƙa ce, a wurin wanke-wanke." Ya sauke hannun. "Na je, Mama. Wallahi na je, har sau biyu. Na tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofar. Akwai mai gadi. Duk wanda ya shiga sai an sa katinsa a na'ura. Ni takardar zamana ta daɗe da ƙarewa."

Nas ta nemi kujera ta zauna. "Kamfanin fa?"

"Na yi aiki da su da gaske, da farko. Suka rufe. Takardata da aikin take tafiya. Na ce bari in ɗan nemi wani kafin in gaya muku. Ban samu ba. Wata ya bi wata, har na rasa ta inda zan fara faɗa."

Yanzu a bayan wani gidan abinci yake wanke tukwane, ana biyansa a hannu. Ɗakin nan su da yawa ne a ciki, wasu na tashi wasu na kwanciya. Mutumin da ya san darajar sulalla kuwa ba mai sayen sulalla ba ne. Wani ne da aka ce yana yi wa mutane hanyar takardu. Ba ya karɓar kuɗi ta banki, zinariya yake so, ko abin da ya yi kama da ita.

"Da kin rubuta maɓalli, Mama," ya ce, "da an jefa a akwatin gidan abokina. Da yanzu an gama."

Ba da faɗa ya faɗa ba, amma maganar ta soke ta. Abin da ya zo bakinta shi ne, "Kwance tsumman nan in gani."

Ya kwance. Ciwon ya fara ruwa. Ta sa shi ya tafasa ruwa, ya zuba gishiri, ya jiƙa yatsan, ta gaya masa sunan maganin da zai nema a kantin magani, da alamar da in ya gani dole ya je asibiti ko da za a kama shi a bakin ƙofa. Muryarta ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Sai da ya kashe wayar sannan ta kifa kai a hannun kujera.

A haka Malama ta same ta. Ta ji komai tana tsaye, jaka a kafaɗa. Da farko ta fara da faɗa, ta ce shekara nawa yana raina musu hankali, suna ta yi masa addu'ar ƙarin girma a wurin aikin da babu. Tana cikin faɗan muryarta ta karye, ta juya ta shiga kicin, ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Da ta fito, idonta jawur, Nas ta ce, "Ni na hana shi. Da na bi maganarsa."

"Da kin bi maganarsa, da wani ɗan damfara ya haɗiye kayan Baba ya kashe waya. Ko ya ba shi takardar jabu, a kama shi da ita, laifi ya zama biyu."

"Kin tabbata?"

"Haka suke yi, Mama."

"Na ce kin tabbata? Kin san mutumin? In da gaske yake yi fa?"

Malama ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta iya ƙarya ba, ko ta lallashi.

Ƙunshin ya kamo hanyar gida, ya bi duk ƙasashen da ya bi da farko. Wannan karon ba wanda ya duba waya. Da aka kira ta, Nas ta tafi ita kaɗai. Matashiyar nan ta tare ta da fara'a, ta nemi katin shaida, ta nuna mata inda za ta sa hannu. Kwalin ya sha hatimi da lambobi, gefensa ɗaya ya ɗan lotsa. Aka yanka shi a gabanta, aka gwada kowane sule da hotonsa.

"Kin gani, Mama? Ko ƙwarzane babu. Ba abin da ya ɓata." Ta dube ta. "Bai samu zuwa ba ne?"

"Bai samu ba."

"In za a sake aikawa, sai a sa sunan wani da kuka yarda da shi."

"Na gode, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Bayan haka Malama ta duƙufa. Ta tambayi wannan, ta rubuta wa wancan, har ta samu wata lauya a garin da Auta yake, mai ofis da lasisi, wadda aikinta ke nan. Nas ta ɗauki sulallan zinariyar ta kai wa Mai Agogo, ta ce ya nemo mai saye na gaskiya. Bai tambaye ta komai ba. Ya dai ce zai bi a hankali, kar a yi musu sayen gaggawa. Da abin da aka samu aka biya lauyar, kai tsaye zuwa ofishinta.

Sai da aka yi ta fama kafin Auta ya yarda ya je. Lauyar ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce akwai wata 'yar hanya, amma siririya ce, za ta ɗauki lokaci, kuma ba ta yi masa alkawari ba. Ta ce in ya zaɓi ya koma gida da ƙafarsa, wannan ta san yadda ake yi ba tare da an ɗaure shi ko an kunyata shi ba. Game da mutumin takardu kuwa, ta ce ba ta san shi ba, amma ta ga waɗanda irinsa suka yi wa aiki, kuma yawanci a inda ake tsare mutane take ganinsu.

"Ka dawo," in ji Nas, da ya gaya mata. "Ɗakinka yana nan. Injinan sanyi a nan ma suna lalacewa."

"In dawo da me, Mama? Waɗanda muka yi makaranta tare duk sun yi aure, sun yi gida. In sauko da jaka ɗaya?"

"Da jaka ɗaya ka tafi."

"Ki ba ni lokaci. Bari in gwada hanyar da ta ce." Ya ƙara da cewa, "Don Allah kar ki gaya wa kowa. Ko Kawu."

Ta ce ba za ta faɗa ba. Yatsan ya warke, ya bar tabo. Yakan kira yanzu fiye da da, daga bakin gadon nan, wani lokaci ana jin munsharin wani a sama. Wata rana ya ce lauya ta shigar da takardu, wata rana ya ce shi ya gaji, wata rana ba ya ce komai sai tambayar me ta dafa. Malama da shi sun koma gaisawa, amma a taƙaice. Nas ta rame, ta ce wa masu tambaya gwiwa ce.

Wata safiya maƙwabciyarta mai ɗinki ta yi sallama, ta shigo da tsohon mayafi a kafaɗa, ta zauna a bakin kujera irin zaman mai buƙata. Suka gaisa, suka taɓa zancen ruwan famfo da ba ya zuwa. Sannan ta gyara zama.

"Nas, wata alfarma na zo nema. Yaron nan nawa ya matsa sai ya fita waje. Ya samu wani da zai yi masa hanya. Na ce in sayar da kekunan ɗinkina biyu da filin da babansa ya bari, in haɗa masa. To shi ne na ce, tunda Auta ya yi ƙarfi a can, ko zai sauke shi a gidansa, ya ɗan riƙe masa hannu har ya samu aiki. Kin san ɗan uwa a baƙon wuri."

Nas ta dubi hannuwan matar, duk sawun allura. Ta ji maganar ta taho har bakinta, ta tuna ta ce ba za ta faɗa ba, ta haɗiye. Matar na ta kallonta da murmushi, tana jira.

"Kin riga kin sayar da wani abu?"

"Tukuna. Gobe mai sayen filin zai zo."

"Ki ce masa ya dakata."

Murmushin ya ragu. "Ko Auta ba zai so ba ne? In nauyi ne, ki gaya min, ba zan ji haushi ba."

"Ba haka ba ne."

"To mene ne?"

"Ki dai dakata, don girman Allah. Kar ki sayar da ko zare. Ki ba ni zuwa jibi, in yi magana da shi."

Matar ta tashi jiki a sanyaye, ta yi godiyar da ba ta kai zuci ba. A bakin ƙofa ta ce, "Ai shi ke nan. Kowa nasa yake so ya ci gaba." Ta ja ƙofar a hankali.

Nas ta daɗe a zaune. Sannan ta jawo wayar, ta nemo lambar Auta. A irin wannan lokacin yana bakin tukwane, ba ya ɗauka. Ta danna duk da haka, ta kara a kunne.